Kogin Han: Hanyar keken da sai an duba waya kafin a hau ta

A birnin Seoul na Koriya ta Kudu akwai hanyar keke da ta bi gaɓar Kogin Han ta ɓangarorinsa biyu, tsawon kimanin kilomita 78. Kwalta ce sumul, babu cunkoson motoci. Sai dai an shimfiɗa ta ne a fadamar kogin, wato filin da aka bar wa ruwa ya malala idan ya cika. Shi ya sa wanda ya san hanyar ba ya fito da kekensa a damina sai ya fara duba waya.

Ba hasashen ruwan sama kaɗai yake dubawa ba. Abin da ya fi damunsa shi ne yawan ruwan da madatsar Paldang, wadda ke gabas da birnin, take saki. Ana iya ƙwalla rana a Seoul amma hanya ta nutse, saboda ruwan da aka tafka can saman kogin. Ma'aunin da kowa ya sani shi ne gadar Jamsu, wadda ke ƙarƙashin gadar Banpo. Da gangan aka gina ta ƙasa-ƙasa, ruwa na haye ta idan kogi ya cika. Idan ruwa ya kai mita 5.5 a hana masu tafiya a ƙafa, a mita 6.2 a tsayar da motoci, a 6.5 kuwa gadar ta shige ruwa. Hukumar kula da ambaliyar kogin tana wallafa waɗannan alƙaluma a intanet, har da API ga masu rubuta manhaja. Wannan ne abin burgewar: ba sai an jira sanarwa ba, ko ɗan koyo zai iya rubuta ƴar manhajar da za ta gargaɗe shi kafin ya baro gida.

Janyewar ruwa ma ba ita ce ƙarshen magana ba, domin yakan bar laka a kan kwalta, kuma siririyar taya ba ta shiri da santsi. Bayan ruwan 8 ga Agusta 2022, wanda birnin ya shafe shekara 115 bai ga irinsa ba, sai da aka yi aikin wanke wuraren shaƙatawar bakin kogin kafin a sake buɗe su.

Samun keken shi ne mai sauƙi. Ttareungi, kekunan haya na gwamnatin birni da suka fara aiki a 2015, da manhaja ake buɗe su: a haska lambar QR, makulli ya saki. Suna da nauyi, giyarsu uku ce kacal, amma hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Baƙo kuma ya sauke Naver Map ko KakaoMap. An ɗauki shekaru Google Maps ba ya nuna hanyar keke a ƙasar, saboda dokar da ta taƙaita fitar da cikakkun bayanan taswira zuwa waje.

Inda fasaha ta gaza shi ne gudu. An ƙayyade kilomita 20 a awa, amma masu kekunan tsere sukan zarce haka nesa ba kusa ba, a wuraren da yara da tsofaffi ke tsallakawa zuwa bakin ruwa, musamman a Yeouido da Ttukseom ranakun hutu. Birnin ya kafa kyamarori masu fasahar AI da ke auna gudun keke, allo ya haska gargaɗi. To amma keke ba shi da lamba, don haka kyamara ta ga mai laifi, ba ta san ko wane ne ba. Allon zai yi ta haskawa, shi kuwa tuni ya kai gada ta gaba.