Abin da ake ci da kifin salmon, da abin da mai tarwada zai ɗauka a ciki



Tambayar kifin salmon ta yi yawa kwanan nan. Wasu sun ga farashinsa a manyan kantunan Abuja da Legas, sai suka ce ai gara a bar tarwada a koma kiwon wannan. Bari in fara kashe wannan magana. Salmon kifin ruwan sanyi ne. Ya fi jin daɗi a ruwa mai digiri 8 zuwa 14, in ya haura 20 ya shiga wahala ya rage cin abinci, alhali tarwadarmu a digiri 26 zuwa 30 take sakewa. Ana ƙyanƙyashe shi a ruwan daɗi, ya yi wajen shekara guda, sannan a kai shi keji a cikin teku. Kafin ya kai kilo 4 ko 5 ya kusa cinye shekara 3. Ƙasar Norwe ce uwa a wannan sana'a. A 1970 aka fara zuba shi a keji mai yawo a kan ruwa a tsibirin Hitra, yau kuma suna fitar da sama da tan miliyan ɗaya a shekara, Cile na biye da su. Tankin siminti a Kano ko Zariya ba zai yi wannan aiki ba, kar wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai kawo maka 'ya'yansa.

Toh amma akwai abin da na ga ya kamata mu ɗauka a wurin mutanen nan, kuma ba ya buƙatar teku. Yana cikin faranti. Da yawanmu mun gane cewa sayar da ɗanyen kifi ga dillali a bakin tanki shi ne mafi ƙarancin riba, shi ya sa matasa ke kafa wurin gashi da yamma, mata kuma suna karɓar oda daga gida. Wanda ya shiga gashi kuwa, ba kifi kaɗai yake sayarwa ba, har da abin da ke gefensa. A nan ne ake samun kwastoma ko a rasa shi.

Salmon kifi ne mai maiƙo sosai. Na kiwo, a kowane giram 100 akwai wajen giram 13 na kitse. In kana son ka kwatanta, tuna sukumbiya in ta sha wuta tana ɗigar da mai. Duk abin da ƙasashen da suka saba da shi ke ajiyewa kusa da shi, in ka duba da kyau, wannan maiƙon ake yi wa dabara.

A Norwe, farantin da aka fi sani shi ne dafaffen salmon, da dafaffen dankalin turawa, da kwaɗon kokwamba. Dankalin a ruwa da gishiri kawai ake dafa shi, ba suya. Kokwambar kuma a yanka ta siriri kamar takarda, a jiƙa a ruwan khal da ɗan sukari da gishiri, a bar ta ta ɗan jima. Sai a kawo miyar bota mai lemun tsami, ko kirim mai tsami. Ka ga tsarin ai: abu ɗaya mai cika ciki wanda ba shi da hayaniya, abu ɗaya mai tsami da sanyi da ƙaras-ƙaras. Kitse yana lulluɓe harshe, bayan loma huɗu ko biyar sai mutum ya ji ya gundura. Tsamin ne ke wanke bakin, loma ta gaba ta dawo kamar ta farko. Mu ma mun san wannan, shi ya sa mai tsire ba ya rasa albasa da tumatir a gefe. Sai dai in an zo kan kifi muna mantawa.

A Suwidin suna da wanda suke kira gravlax. Ba a dafa shi, ana binne tsokar a gishiri da sukari da wani ganye mai ƙamshi, dil, ta kwana biyu ko uku a firji. Abokin cinsa miyar mastad ce mai zaƙi-zaƙi da tsami, da burodi ko dankali. A nan zan ja kunne: kar wanda ya gwada wannan da tarwada ko ƙarfasa. Kifin ruwan daɗi na iya ɗauke da tsutsa da ƙwayoyin cuta waɗanda gishiri da sukari ba sa kashewa. Namu sai ya dahu har tsakiya.

Japan ce ta fi burge ni. Karin kumallon gargajiya a can, yankan salmon ne da aka sa wa gishiri aka gasa, da farar shinkafa zalla ba mai ba komai, da ɗan romo, da kayan lambu da aka tsuma. Sau da yawa a gefen gasasshen kifi sukan goga wata farar saiwa mai siffar karas, daikon, mai ɗan kaifi a baki. Tunda kifin ya riga ya ɗauki gishiri, shinkafar ba ta buƙatar nata. Wannan shi ne abin da na fi ganin masu gashinmu na kuskurewa. Kifi ya sha magi da yaji, miyar gefe ta sha magi da yaji, dankalin ma an barbaɗa masa yaji mai magi. Kwastoma zai ci, amma zai kwana yana shan ruwa, kuma ba zai iya gaya maka ɗanɗanon kifinka ba. Kai da ka yi wata biyar ko shida kana sayen abinci mai tsada kana canza ruwa, ka binne wahalarka a ƙarƙashin dunƙule.

Yadda aka sarrafa kifin ma yana canza abokin cinsa. Salmon da aka yi wa hayaƙi yana da gishiri da ƙarfin ƙamshi, shi ya sa a Amurka ake cin sa da wani burodi mai rami a tsakiya da cuku mai laushi da jar albasa, a Ingila kuma da ƙwai da burodi. Abu mai laushi, mara ƙarfi, wanda zai kwantar da gishirin. In kuma miya aka yi da shi, kamar yadda mutanen Finlan ke dafa shi da dankali da kirim, burodi kaɗai ya isa, tunda komai na cikin kwano.

Yanzu mu dawo kan tarwada. Ba ta kai salmon kitse ba, amma ta kiwo wadda ta kai kilo ɗaya zuwa sama, duk wanda ya taɓa fede ta ya ga kitsen da ke kwance a cikinta. Ga shi kuma muna shafa mata mai kafin a naɗe a takardar gashi. Sai a ɗauko soyayyen dankali, a ƙara soyayyar agada, a kawo kabeji da ya nutse a mayonis. Mai a kan mai a kan mai. Ni a ganina wannan faranti ya fi tsada wajen haɗawa, kuma ya fi saurin gundura. Ban ce a daina cips ba, akwai kwastoman da in babu shi ba zai saya ba, musamman yara da 'yan mata. Amma in ka sa cips, to kabejin ya zama na lemun tsami da ɗan gishiri, ba na mayonis ba. In kuma za ka iya ba da zaɓi, dafaffiyar doya ko dafaffen dankalin hausa ko gurasa suna shanye romon da ke taruwa a cikin takardar, kuma ba su ci maka man gyaɗa ba. Sinasir ma ya dace ƙwarai, saboda ɗan tsamin da yake da shi.

'Yan uwanmu na Gana sun daɗe da gane wannan. Dokunu da banku duk na ƙullun da ya yi tsami ne, ana cin su da soyayyen kifi ko gasasshiyar ƙarfasa da ɗanyen barkono da aka niƙa da tumatir da albasa. Haka aceke na Kodebuwa, wanda ake yi da rogo, shi ma da ɗan tsaminsa. Ba su je Norwe sun koyo ba, harshe ne ya kai kowa wuri ɗaya.

Ga masu banda, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da lemun tsami abokin tafiya ne mai kyau, ko dambu. Sai dai a rage gishirin kwaɗon.

Akwai maganar lokaci. Yankan salmon minti 10 zuwa 15 ya dahu, in ya wuce ya bushe, don haka masu dafa shi sai sun gama komai na gefe kafin kifin ya hau wuta. Tarwada guda a kan gawayi tana kai kusan rabin awa, amma dokar ɗaya ce: kifi ba ya jiran dankali. Ka dafa doyarka tun la'asar ka sa a kula. Kokwamba da albasa da aka jiƙa a khal ko lemun tsami suna ƙara daɗi ne in sun ɗan zauna, sabanin kabejin mayonis wanda a zafinmu na Maris da Afrilu bai kamata ya wuce awa ɗaya a waje ba tare da ƙanƙara ba. Mutum ɗaya ya yi ciwon ciki a unguwa, ba zai ce kabeji ba ne, zai ce kifin wane ne. A wanke kayan lambu da ruwa mai tsafta, kuma wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen kifi kar su taɓa abin da za a ci ɗanye.

Sannan kar a ɗora wa lemun tsami aikin da ba nasa ba. Yana rage ƙarni, gaskiya ne, amma ba ya cire warin taɓo daga tsokar kifin da ya zauna a ruwa mai datti. Masu salmon suna tsayar da abinci kwanaki kafin a yanka. Kai ma ka ware waɗanda za ka gasa, ka sa su a ruwa mai tsafta kwana ɗaya ko biyu ba abinci, kana canza ruwan. Ka wanke yauƙin da ruwan zafi ko gishiri ko toka, ka cire kitsen ciki.

Na ƙarshe shi ne lissafi, don a nan riba ke zurarewa ba a sani ba. Yawancin masu farawa sun san nawa kilon kifinsu ya tsaya musu, amma ka tambaye su nawa ne kuɗin abin gefe a faranti ɗaya, sai a yi shiru. Ka sayi kayan rana ɗaya, dankali, mai, kabeji, albasa, lemun tsami, gawayi, takarda da roba, ka rubuta. In an tashi ka raba da yawan farantin da ya fita. Ka samu ludayi ko kofi ɗaya ya zama ma'auni, don yaron shago kar ya riƙa cika wa abokansa. Kuma ka bi kaka: lokacin sanyi kabeji da karas da kokwamba na araha saboda noman rani, da damina in tumatir ya yi tsada sai ka karkata ga albasa da zogale.

Wanda zai gwada, ya fara da abu biyu kacal a gefen kifin, ɗaya mai cika ciki ɗaya mai tsami, ya yi sati biyu yana duba abin da ake bari a faranti. Wanda ake dawo da shi ba a taɓa ba, a cire shi.

Allah ya sa albarka a kiwo, ya kawo kasuwa.