Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Akwai wata al'ada da ta shigo mana ƙasar Yobe ta arewa a 'yan shekarun nan, wadda na daɗe ina gani ina haɗiye magana, har ta kai yau na ga shiru ya zama laifi. Sai ka ga farar mota ta taso daga Damaturu ko Abuja ta sauka a Nguru ko Gashuwa, da samari riƙe da kwamfutoci, suna cewa sun zo jin bukatun jama'a domin wata manhajar waya da za a yi wa manoma, ko masunta, ko mata masu juna biyu. A kama ɗakin taro, a jera manyan ma'aikata da masu sarauta a sahun gaba, a haska rubutun Turanci a bango, a ci shinkafa, a ɗauki hoto, a raba ambulan, alhali kuwa manhajar nan an riga an gama ta tun a Abuja, kuma a cikin duk waɗanda suka sa hannu a takardar halarta da wuya ka sami mutum guda wanda zai taɓa danna ta da yatsansa. A ƙauye kuwa labarin da yake bazuwa shi ne an zo rubuta suna za a raba kuɗi, saboda haka kowa ya aiko ɗan'uwansa.

Abin da ake nufi da irin wannan zama a asalinsa ba shi da wuyar fahimta: kafin a rubuta manhaja, a zauna da ainihin waɗanda za su yi aiki da ita, a ga yadda suke tafiyar da lamarinsu yau, a rubuta abin da aikin yake bukata daga bakinsu da hannunsu. A ƙasar Norwe aka fara ba shi ƙarfi a farkon shekarun 1970, lokacin da wani masanin kwamfuta mai suna Kristen Nygaard ya yi aiki tare da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe domin su sami ta cewa a kan na'urorin da ake kawo musu masana'anta.

Amma a yadda ake yin sa a wurinmu, illar da ta fi damuna, wadda ita ce uwar sauran, ita ce zaton da ya zauna a zukatan 'yan bokonmu cewa mutumin da bai yi makarantar zamani ba ba shi da abin da zai faɗa wa mai rubuta manhaja, wai tun da bai san yadda na'ura take aiki ba, tambayarsa ɓata lokaci ne, gara a tambayi shugabansa. Wannan magana ɓatacciya ce tun daga tushenta, domin ba a kira masunci don ya koya wa injiniya lissafi ba. An kira shi ne don ya faɗi abin da injiniya ba shi da hanyar saninsa, wato ƙarfe nawa yake fita, ina yake ajiye wayarsa idan ya shiga kwalekwale, wa yake karanta masa saƙo, da kuma wa ya yarda da shi a kan maganar kuɗi. Malamanmu na fiƙihu sun riga mu gane wannan ƙa'ida da ƙarnoni. Imamul Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu shekara ta 684 bayan Hijira, ya yi gargaɗi cewa idan mai neman fatawa ya zo daga wani gari, bai halatta mufti ya ɗora masa al'adar garinsa shi muftin ba, sai ya tambaye shi urfin ƙasarsu ya yi masa hukunci a kai. To, idan malamin da ya haddace littattafai yana bukatar ya tambayi baƙauye kafin ya buɗe baki, ina dalilin yaron da ya gama jami'a jiya da zai ga ya fi ƙarfin tambaya?

Kuma mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin sakamakon shawarar da aka yanke daga nesa. An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka bi da ta Challawa a 1992, duka a ƙasar Kano, domin maslahar da masu tsarawa suka hango. Amma tafiyar ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki suka nutse a wani wuri suka bushe a wani, har ya zama tafkin Nguru, wanda duniya ta sa shi cikin jerin dausayi masu daraja na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, mutanen bakinsa suna fama da lauje da kwalekwale don buɗe wa ruwa hanya. Wanda ya san wace mashiga ce ta toshe bana, kuma wace gona ce ruwa zai fara ci, ba ya zaune a ofis.

A fagen waya ma hujjoji ba su ɓuya ba. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, gwamnatin tarayya ta fito da tsarin aika wa manomi saƙon waya don ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi, kuma haƙiƙa niyyar mai kyau ce, ta rage cin amanar 'yan tsakiya. Sai dai ƙorafin da ya yi ta fitowa daga karkara shi ne na wanda ba shi da waya, da wanda garinsu babu sabis, da wanda saƙon ya shigo masa bai iya karantawa ba. Haka Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da kuɗin waya na eNaira ranar 25 ga Oktoba 2021 a bisa sharaɗin babbar waya da asusun banki, sai a shekara mai bi aka ƙara hanyar danna lambobi da ƙaramar waya take iya yi, abin da tsohuwa mai sayar da ƙuli a kasuwar Gashuwa za ta faɗa musu kyauta da sun tambaye ta. Dubi kuma akasin haka a Kenya. Tsarin M-Pesa da aka gwada a garin Thika a 2005 an yi shi ne don masu ƙananan rance su riƙa biyan bashi ta waya. Da masu shi suka zuba ido suka ga jama'a sun juya shi suna aika wa juna kuɗi, ba su ce jahilci ne ba, sai suka bi jama'ar, suka sake gina shi a kan haka suka fitar a 2007, ya zama abin da duniya take koyi da shi.

Ban musa ba akwai wasu dalilan mutuwar irin waɗannan ayyuka, kamar rashin wutar lantarki da ƙarewar kuɗin masu tallafi.

To, ga wanda yake son ya yi zaman nan bisa gaskiya, farko ya nemi izini ta hanyar da aka sani, daga fada zuwa hakimi zuwa lawani da bulama, domin shiga gari ba sallama rashin ladabi ne. Amma bayan gaisuwa da addu'a ya roƙi manya su koma gida cikin girmamawa, saboda babu talakan da zai ce abu bai yi ba alhali hakiminsa yana zaune ya riga ya ce madalla. Kada mahalarta su wuce shida zuwa takwas, kuma su zama masu sana'a ɗaya, kada a gwama masunci da dillalin kifi, don ɗaya yana bin ɗaya bashi. Ya guji ranar kasuwa, da safiyar damina, da yammacin azumi. Mata a yi musu nasu zaman daban, a cikin gida, mace ta jagoranta, bayan an sauke tukunya. Wanda ya tara maza ya tambaye su yadda matansu suke zuwa awon ciki ya rubuta tatsuniya ne kawai. Maganar harshe kuwa a kula da ita ƙwarai, domin ko da yake Hausa ta game kasuwa, akwai tsohuwar da ba ta sakin jiki sai da Badanci ko Manganci ko Fulatanci, kuma tafinta ya zama mai faɗin abin da aka ce, ba mai gyara shi don baƙo ya ji daɗi ba. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da na kwalejin ilimi ta garin, 'ya'yan ƙasar ne masu jin harsunan nan, kuma sun fi baƙo dacewa da wannan aiki.

Sa'an nan kada a tambayi mutum me yake so, domin ladabi zai sa ya ce duk abin da kuka kawo alheri ne, ranka ya daɗe. A tambaye shi abin da ya faru: karo na ƙarshe da ka aika kuɗi, yaya ka yi, wa ya danna maka, nawa mai POS ya cire? A nan ne za a ji cewa layin da sunan ƙaninsa aka yi rajistarsa, wayar kwana take a shagon mai caji, lambar sirrin kuma yaron shagon ya fi shi saninta. A zana fuskar manhajar a takarda, ko a miƙa masa irin wayar da yake riƙewa, mai madannai ba ta shafawa ba, a ce ya gwada, mai tambaya kuma ya kame bakinsa ya ɗaure hannunsa. Duk inda mutumin ya tsaya yana juya waya, laifin manhajar ne, a rubuta. Idan akwai dangwala yatsa a gwada ta a hannun da fartanya ta cinye da wanda aka ƙunsa wa lalle. A tambaya kuma ko ajami ya fi masa sauƙi, ko saƙon murya, tun da da yawa waɗanda fom yake kira jahilai sun sauke Alƙur'ani. Bukatun da aka tara a karanta musu, a ba kowa tsakuwa ya ɗora a kan wadda ya ga wajibi ce, a bambanta ta da mustahabbi.

Kuɗin mota hakki ne, gama an hana mutum nemansa na yini, amma a faɗa tun farko cewa kowa daidai zai samu, ya yaba ko ya kushe, kuma babu wani rabo da zai biyo baya. Kada a karɓi lambar NIN ko BVN ta kowa, kada a ɗauki hoton mace ba da yardarta ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, kuma kafin doka akwai amana. Ku kuma jama'a, ku bar aiko wakilin da bai san aikin ba don ambulan, kuma idan abu bai yi muku ba ku faɗa a gaban masu shi, ba bayan ƙurar motarsu ta kwanta ba. Masu aikin su sa ranar dawowa tun kafin su tashi, su komo da abin da suka gina wurin mutanen nan dai da suka zauna da su, su nuna musu wace magana aka ɗauka, wace aka bari, da dalilin barinta.