A Nemi Bakanike Kafin A Sayi Mota Mai Fetur Da Lantarki

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in faɗakar da 'yan'uwana 'yan kasuwa a kan abin da ya same ni.

Ni ɗan tireda ne, ina bin kasuwannin ƙauye. Da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin fetur ya nemi ya cinye mani riba. Sai na sayar da tsohuwar motata, na cika kuɗi na sayi 'yar Kwatano irin wadda ake kira haibirid, watau mai aiki da fetur da kuma lantarki. Gaskiya ba ta shan mai. Amma ban tambayi kowa wa zai gyara ta in ta lalace ba.

Ran nan da hunturu ina dawowa daga kasuwa, sai wata jar fitila ta kama a gabana, mota ta rage ƙarfi. Na lallaɓa na kai ta garejin garinmu. Bakaniken da na saba da shi shekara da shekaru ya ce inji ne, sai an sauke. Mai rewaya kuma ya ce a'a, babban batir ne ya mutu, a sayo sabo. Kuɗin da ya faɗa ya kusa cinye jarina. Ana cikin haka sai na ga yaron gareji ya nufi wata waya mai ruwan goro da sifana a hannu. Allah Ya sa maigidansa ya daka masa tsawa. Daga baya na ji cewa wutar da ke bin wannan waya ta haura bolt 200, alhali batirin da muka sani 12 ne kawai. Da tsautsayi ya gifta, da yanzu wani labarin ake yi.

Matambayi ba ya ɓata. Wani mai sayar da kayan mota a Ƙofar Ruwa, Kano, shi ya haɗa ni da wani saurayi mai ɗan garejinsa na kansa. Bai kwance ko noti ɗaya ba sai da ya jona kwamfuta. Ashe fankar da ke sanyaya babban batirin ce ƙura ta toshe, ni kuma na ƙara da jibga buhuna a kujerar baya, daidai ƙofar da iska ke shiga. Batir ya yi zafi, shi ne motar ta ja da baya don kada ya ƙone. Ya share fanka, na biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na kama hanya.

Don haka jama'a, ga yadda za ku gane wanda ya san aikin. Na farko, zai fara da kwamfuta, ba da guduma ba. Na biyu, zai sa safar hannu ta roba mai kauri, ya zare makullin wutar batirin kafin ya taɓa shi. Na uku, in ya ce batir ne, zai auna 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya ya nuna maku wanda ya raunana, domin gunduwa-gunduwa ne aka harhaɗa. Kuma ku sani ba a tura irin wannan mota don ta tashi.

Daga ƙarshe ina kira ga ƙungiyoyin kanikawa da makarantun koyon sana'a da su koya wa yaranmu wannan aiki. Motar ba baƙuwa ba ce a duniya, tun 1997 kamfanin Toyota ya fito da Prius a Japan, ga shi kuma sai ƙara shigowa suke yi. Ku kuma masu niyyar saye, ku fara neman bakanike tukuna, sa'an nan ku biya kuɗi. Allah Ya kiyaye hanya, amin.

Naku,
Wani ɗan tireda,
Jihar Katsina.