Giyar Haƙori da Giyar Mai: Ƙarkon Tarakta a Gonakin Ungogo

Injin tarakta yana juyawa kimanin sau 2,000 a minti ɗaya, amma tayar baya, lokacin da ake huɗa, ba ta wuce juyi 20 zuwa 25. Aikin giya ne ta rage wannan gudu ta mayar da shi ƙarfin ja. Ana yin haka ta hanyoyi biyu manya. Ta farko ita ce ta ƙarafa masu haƙora da ke cizon juna cikin akwatin giya, wadda kowane direba da bakanike ya sani. Ta biyu, wadda ake kira haidurostatik, tana aiki ne da mai: famfo ya matsa shi, shi kuma ya juya taya. Kowacce tana da irin hanyar da take tsufa da irin abin da ke kashe ta.

A giyar haƙori, ƙarfi yana fitowa daga inji ya bi ta kuloci ya shiga akwati. Idan ƙaramin ƙarfe mai haƙori 15 ya juya babba mai haƙori 45, gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin murɗawa kuma ya ninka sau uku. Sauya giya zaɓen ƙarafan da za su ciji juna ne kawai. A tsohon tsari ana zamar da ƙarfen kansa ya shiga cikin ɗan'uwansa, shi ya sa dole a tsayar da tarakta cik kafin a sauya. Daga baya aka samu tsarin da haƙora ke haɗe kullum, sai wani zobe ya kulle wanda ake so, sannan aka ƙara wani zoben mai daidaita gudu domin a sauya ana tafiya. Massey Ferguson 375, wadda kamfanin Millat na Lahore a Pakistan ke haɗawa, kuma take cikin taraktocin da aka fi gani a Arewacin Najeriya, tana da ƙarfin doki 75 da giyar gaba 8 da ta baya 2, a kan tsohon tsarin nan. Ƙarfe ne ke tura ƙarfe, don haka abin da ke ɓacewa a hanya kaɗan ne: kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ya shiga akwatin yana fita.

Giyar mai ta fi wuyar bayani domin ba a ganin abin da ke aikin. Inji yana juya wata ganga mai ramuka, kowane rami da ƙaramin fistin a ciki. Ƙafafun fistinan suna zamewa a kan wani faranti da ake iya karkatawa. Idan farantin yana miƙe, fistinan suna zagayawa ba sa shiga ba sa fita, mai ba ya motsi, tarakta tana tsaye ko da inji na ruri. Da direba ya taka feda farantin ya karkata, sai fistinan su fara turo mai zuwa wata ganga irin ta farko, ita kuma ta juya sandar da ke zuwa tayoyi. Ƙarin karkata, ƙarin gudu. A karkata shi ɗaya gefen, tarakta ta yi ribas. Babu kuloci a taka, babu lamba ɗaya ko biyu. Matsin man yana kai wa bar 300 ko fiye a manyan injuna, wato ya ninka iskar tayar mota fiye da sau ɗari. Kamfanin International Harvester na Amurka ne ya fara sayar da taraktar noma mai wannan tsari a 1967, samfurin 656 Hydro. Manoman can sun yabe ta a ayyukan da ke son daidaita gudu daƙiƙa bayan daƙiƙa, irin ɗaure ciyawa da girbi, amma wajen jan garma mai nauyi ba ta kama ƙafar mai haƙori ba, kuma ba ta taɓa ture ta daga kasuwa ba.

Dalili shi ne zafi. Duk famfon mai yana yoyo a cikinsa, kuma da gangan aka bar wani ɓangare na yoyon domin shi ne ke shafe fistinan da farantin. Wannan yoyo da gogayyar mai a cikin ramuka suna cin kamar kashi 20 cikin 100 na ƙarfin, wani lokaci fiye. A tarakta mai doki 75, doki 15 ke nan suka koma zafi cikin mai maimakon su ja haro. Idan aikin na ɗan lokaci ne, ƙaramin lagireton mai da ke gaban inji yana kwashe zafin. Idan kuwa wuni za a yi ana ja, man yana tsinkewa, yoyon ya ƙaru, zafin ya daɗa hawa. Mai da ya daɗe sama da digiri 80 yana saurin lalacewa, robobin da ke tare yoyo kuma su bushe su tsage. A ƙasar Kano, inda zafin Afrilu da Mayu ke kai digiri 40 a inuwa, kuma sharar gona da huɗar farko ke biyo baya kafin gari ya yi sanyi, lagireton yana fara aikinsa ne da iskar da ita kanta ta ɗauki zafi.

Abu na biyu, wanda ya fi zafin ma haɗari, ƙura ce. Tazarar da ke tsakanin fistin da raminsa ta fi silin gashin kai siranta sau da yawa. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da lallausan rairayin jigawa, suna da ƙwayoyin da girmansu ya yi daidai da wannan tazara. Da sun shiga mai sai su riƙa kankare fuskar ƙarfen da aka goge sumul, ƙarfen da aka kankaro shi ma ya shiga man ya ci gaba da ɓarna. Ƙofofin shigarsu sanannu ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin bakin hanya: mazurarin da aka ajiye a ƙasa, jarkar da aka taɓa zuba wani abu, tsumman da aka toshe bakin tanki da shi, man awo da ba a san asalinsa ba. Akwatin giyar haƙori yana haƙuri da irin wannan na tsawon shekaru, domin haƙoransa manya ne kuma an ƙona fuskarsu ta yi tauri. Famfon giyar mai ba ya haƙuri. Alamar lalacewarsa ta farko ita ce tarakta ta yi ƙarfi da safe, da rana ta take man ya ɗau zafi sai ta kasa hawa ɗan tudu.

Sai dai giyar haƙori ma tana da raunin da kowa ya sani, wato kuloci. A nan ne yanayin Ungogo ya shigo cikin lissafi ta yadda ba a zata ba. Ƙaramar hukumar, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 360,000, tana cikin yankin nan na kewayen Kano mai cunkoson gonaki da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kansa tun shekarun 1960. Gona a nan ba ta hutawa. Da takin gida da sharar birni ake riƙe ƙarfinta, tun zamanin da jakuna ke fitowa da ita a mangala. Gado ya yi ta rarraba ta, birni kuma yana cinye gefenta daga wajen Rijiyar Zaki da Bachirawa, har ya zama da yawa ba su kai hekta ɗaya ba. A tsakiyarsu ga gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka da ba mai yarda a sare, ga iyakoki na gamba da lalle. Direban da ke huɗa a Panisau ko Rangaza ba ya yin tafiya mai tsawo kafin ya taka kuloci, ya ɗaga rija, ya sa ribas, ya juyo. Irin wannan aiki na tsaya-ka-juya shi ne ainihin abin da aka ƙera giyar mai dominsa, shi ne kuma abin da ke cinye farantin kuloci. Idan aka haɗa da ɗabi'ar ajiye ƙafa a kan feda, da cusa giya tarakta ba ta gama tsayawa ba har haƙora su yi ƙara, sai kuloci ya ƙone kafin lokacinsa, bakin haƙoran kuma ya guntule, giya ta fara fita da kanta.

Duk da haka, wannan bai isa ya sa giyar mai ta rinjayi ta haƙori ba, saboda lalacewa iri-iri ce. Sauya kuloci aiki ne mai nauyi, tunda sai an raba taraktar biyu tsakanin inji da akwati, amma bakanike da yaransa suna yin sa a ƙarƙashin darbejiya da jak da katako. Farantin kuloci da boris da ƙarafan giyar Massey Ferguson abubuwa ne da ake nema a kasuwar Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, sabo ko na hannu, kuma daga Ungogo tafiyar ba ta da nisa. Kafin giyar ta tsaya ma tana yin gargaɗi: ta yi kuka, ta yi ƙara, lamba ɗaya ta mutu a ci gaba da aiki da sauran. Giyar mai kuwa idan ta tafi gaba ɗaya take tafiya. Buɗe ta yana bukatar ɗaki mai tsabta, da agogon auna matsi, da littafin kamfani, kuma sau da yawa ba gyara ake yi ba, famfon ake sauyawa dungurungum, a jira a kawo shi daga waje da kuɗin dala. Ba a tayar da ita da turi idan batir ya mutu, ba a kuma jan ta da igiya zuwa gari sai an bi ƙa'idar da kamfani ya gindaya, domin ƙaramin famfon da ke ciyar da babban ba ya aiki idan inji na kashe, fistinan sai su gogu a bushe.

Lokaci ma yana cikin ma'aunin. Daminar Kano wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma haro da huɗa suna taruwa cikin 'yan makonnin farko. Yawancin manoman gero da dawa da gyaɗa a nan ba su mallaki tarakta ba, haya suke yi, wasu kuma har yanzu da garmar shanu suke huɗa. Mai taraktar haya yana samun mafi yawan kuɗin shekararsa a waɗannan makonni. Kwana biyu na gyaran kuloci asara ce da ake iya jurewa, amma wata guda na jiran famfo ya tafi da daminar baki ɗaya. Da rani kuma taraktar ba ta zama: tirela ake ɗaura mata ta kwaso yashi da bulo da taki da ruwa, ko buhunan hatsi zuwa kasuwar Dawanau. Jan kaya mai nauyi a kan hanya mai tsawo aiki ne da giyar haƙori ta fi sauƙin shan gas a cikinsa, kuma a gangara tana riƙe tirela da ƙarfin inji.

Tarihin tarakta a Arewa ya nuna haka tun ba a kawo zancen giyar mai ba. Kamfanin Steyr ya haɗa taraktoci a Bauchi, gwamnatoci sun yi ta sayo wasu iri-iri daga ƙasashe daban-daban suna rabawa ko ba da haya, amma waɗanda suka daɗe a gona su ne waɗanda kayan gyaransu ke kasuwa kuma bakanike ya san cikinsu. Tsofaffin Massey Ferguson 135 da 165, da aka fara ƙerawa a tsakiyar shekarun 1960, har yau ana ganin wasunsu suna aiki, alhali wasu da suka zo bayansu da shekaru masu yawa suna jibge a harabar ma'aikatu don an rasa ƙaramin ƙarfe guda.

Giyar mai tana da gurbinta, kuma ta riga ta shigo Kano ta wata ƙofa. Yawancin injunan girbin shinkafa masu tafiya da kansu, irin waɗanda ake gani a yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, da ita suke tafiya, domin dole injin casa ya riƙa juyawa da gudu ɗaya yayin da tafiyar ke raguwa ko ƙaruwa gwargwadon kaurin shinkafar. Haka ƙananan motocin loda yashi da tsakuwa. A kan ƙaramar tarakta mai doki 25 zuwa 40, wadda aikinta ɗaukar taki a gidan kaji ko gidan shanu ne, ko yankan ciyawa a gonar mangwaro, tana iya daɗewa ƙwarai, har ta fi mai kuloci zama lafiya a hannun sabon direba, tunda babu haƙorin da zai fasa kuma bawul ɗin kariya yana sakin mai idan nauyi ya yi yawa. Sharaɗin shi ne a ba ta man da kamfani ya rubuta daga rufaffen mazubi, a sauya filta bayan awa 50 na farko sannan a kan lokacin da littafi ya ce, a riƙa hure lagireton mai daga ƙaiƙayi, a kuma yi aiki mai nauyi a ƙaramin zangon gudu inji yana kan totur sosai.

Manyan kamfanoni sun nemi haɗa amfanin biyun. A 1995 kamfanin Fendt na Jamus ya nuna tsarin Vario, wanda ke raba ƙarfin inji gida biyu, wani ya bi ta mai, wani ta haƙori, sannan su haɗu. Wannan ya rage asarar, amma ya zo da kwamfuta da tsadar da ta fi ƙarfin mai haya a Ungogo. Abin da ya fi kusa da bukatarsa shi ne giyar haƙori mai ƙarin sanda ta gaba-da-baya, wadda ke ba direba damar juyawa a ƙarshen kunya ba tare da laluben ribas ba. Ana samun ta a wasu samfuran Mahindra da New Holland da John Deere.

Mai sayen ta hannu yana iya gwada kowacce kafin ya biya. A mai haƙori, a sa kowace lamba a ji ko tana kuka ko tana fita, a kuma sa babbar giya a taka birki a saki kuloci a hankali: idan inji ya mutu kulocin yana kamawa, idan ya ci gaba da ruri ya ƙone. A mai giyar mai, gwajin safe ba ya nuna komai. Sai an yi aiki da ita kamar awa guda man ya yi zafi, sannan a sa ta hawa tudu da kaya. A duka biyun a zaro sandar awon mai a duba: fari-fari kamar madara alamar ruwa ne, warin ƙuna alamar zafi, ƙyalli kuma garin ƙarfe. Wannan duba ya shafi mai Massey Ferguson ma, domin a yawancin samfuranta man akwatin giya shi ne dai wanda famfon ɗaga garma ke sha, kuma dattin da haƙoran suka jure yana iya kashe famfon.