A Karɓe Bulala Daga Hannun Ɗalibai Kafin A Sake Ɗaukar Gawa

A watan Yulin 2025, ɗalibai biyu suka rasa rayukansu a makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi a jihar Kano. Bisa abin da rahotanni suka nuna, 'yan'uwansu ɗalibai ne suka tsare su da sunan ladabtarwa, suka yi ta dukansu har rai ya yi halinsa. 'Yan sanda suka kama ɗalibai 11, gwamnatin jiha kuma ta ba da umarnin bincike. Kafin wannan, a watan Nuwamban 2024, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da ɗalibai 13 na Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Enugu na tsawon mako shida, bayan wani bidiyo ya nuna sun yi wa ɗalibi ɗaya taron dangi. A watan Afrilun 2024 kuma, an rufe makarantar Lead British da ke Abuja na kwana uku, saboda bidiyon wata ɗaliba da ake sharara wa mari, sauran ɗalibai na tsaye suna kallo.

Waɗannan su ne waɗanda mutuwa ko kyamarar waya ta tona. Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan ya san cewa abin da ba a gani ba ya ninka wanda aka gani. Ya kuma san inda abin yake somawa: ƙaramar sakandare, aji ɗaya, a jikin yaro ɗan shekara 11 ko 12 da jiya-jiya ya bar firamare, har yanzu bai iya ɗaure igiyar gidan sauro da kansa ba.

Ku dubi yadda ranar wannan yaro take tafiya. Da asuba, kafin ya ɗebi ruwan wankansa, sai ya cika bokitin wani siniya, wani lokacin bokiti biyu ko uku. A layin abinci, naman da ke kan tuwonsa ba nasa ba ne. Garin kwaki da suga da ƙuli-ƙuli da madarar da mahaifiyarsa ta ƙulla masa, waɗanda aka yi lissafin za su kai shi ranar ziyara, ba sa wuce mako guda. Bayan firef, lokacin da malamai suka koma gidajensu aka kashe fitila, sai a buɗe kotu a ɗakin kwana: wannan bai gaishe ni ba, wancan ya kalle ni ido cikin ido, wannan bai goge mini takalmi ba. Sai kamun kunne, sai tsallen kwaɗo, sai durƙuso a kan tsakuwa, sai bel ko wayar lantarki ko sandar tsintsiya. A makarantar je-ka-ka-dawo kuwa, abin yakan koma kan kuɗin tara, da bayan ajujuwa inda babu mai leƙawa, da banɗaki, da hanyar komawa gida inda babu malami babu uba.

Mun raɗa wa wannan suna mai sauƙi, muna ce masa siniyoriti. Idan tsofaffin ɗalibai suka haɗu wajen biki, da dariya ake ba da labarinsa. "Ai mu ma haka aka yi mana, ga shi mun zama mutane." Wannan magana ita ce katangar da zalunci ya jingina da ita shekara da shekaru. Masu faɗinta su ne waɗanda suka tsira. Wanda ya gudu daga makaranta a aji biyu bai sake komawa ba, da wanda mari ya kashe wa kunne, da wanda har ya girma ba ya iya buɗe baki a cikin taro, ba sa zuwa wajen bikin balle a ji ta bakinsu.

Masana sun bi diddigin wannan. A Birtaniya an bibiyi rayuwar yara sama da 7,000 da aka haifa a 1958, kuma a 2014 masu bincike na King's College da ke Landan suka fitar da sakamako: waɗanda aka ci zalinsu suna 'yan shekara 7 da 11, har sun kai shekara 50 suna ɗauke da tabon, sun fi sauran fama da ciwon damuwa da fargaba da raunin lafiya. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci binciken. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, adadin ya kai kashi 48 cikin ɗari, mafi yawa a duniya. A ajin da ke da yara 60 ke nan, ana maganar kusan 30.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda abin yake haihuwar kansa. Yaron da aka sa tsallen kwaɗo a aji ɗaya, ba yafewa yake yi ba, lissafi yake yi. Yana jiran ranar da shi ma zai ga na ƙasa da shi. Kuma ba ya tsayawa inda aka tsaya masa, sai ya ƙara, domin wanda ya sha wuya yana ganin bashi yake bin duniya. Shi ya sa abin da ya kasance ranƙwashi da aike a zamanin iyayenmu ya zama dukan kawo wuƙa a yau. Ga shi kuma yaran yanzu suna tasowa a unguwannin da faɗan daba da ƙwacen waya da shaye-shaye suka zama ruwan dare, kuma katangar makaranta ba ta tace abin da ke shigowa. Duk sabon zango da aka ɗebi 'yan aji ɗaya aka miƙa su ga wannan tsari, an shuka azzaluman shekaru uku masu zuwa.

Shugabannin makarantu, da ku zan fara, domin a hannunku mabuɗin yake. Gaskiyar da ba a son faɗi ita ce, makarantu da yawa da kansu suka damƙa wa yara bulala. Malamai sun yi kaɗan, ɗalibai sun yi yawa, sai aka sauke nauyin tsare da'a a kan hedboi da lebo firifet da shugabannin ɗakuna. Yaro ɗan shekara 16, wanda shi kansa bai gama mallakar fushinsa ba, an ba shi ikon hukunta yara ɗari, cikin dare, babu babba a kusa. Me ake tsammani? Firifet ya kiyaye lokaci, ya tsara shara, ya rubuta sunan mai laifi ya kai wa malami. Amma ya ɗaga hannu ya doki ɗan wani, ko ya sa shi gwale-gwale, wannan a soke shi yau, a faɗe shi a asambuli, a rubuta a manna a ƙofar kowane ɗakin kwana, a kuma tuɓe muƙamin duk wanda ya karya tun a karon farko. Malamin da shi ma dorina ce harshensa ya sani cewa yara suna kwaikwayo.

Sai kuma sa'o'in da babu ido. Cin zali ba ya faruwa a gaban allo lokacin darasin lissafi. Kowane firinsifal ya ɗauki takarda ya raba wa 'yan aji ɗaya, ya ce kowa ya rubuta wuri da lokacin da ya fi jin tsoro a makarantar, kada ya sa sunansa. Cikin rabin sa'a zai san abin da ya shekara goma bai sani ba. Daga nan a raba malamai: wa ke bakin famfo da asuba, wa ke ɗakin cin abinci, wa ke zagaya ɗakunan kwana bayan an kashe fitila, wa ke bakin ƙofa lokacin tashi. A raba wa ƙananan ɗalibai ɗakin kwanansu daban, kada a cakuɗa ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran kasafin kuɗi daga ma'aikata.

Kuma a daina ɓoyewa don kare sunan makaranta. An sha kiran iyayen yaron da aka ji wa rauni a ce musu faɗuwa ya yi wajen ƙwallo. An sha tara wanda aka zalunta da wanda ya zalunce shi a ofis, a ce su gaisa, "ai ku 'yan'uwan juna ne", a sallame su su koma ɗaki guda, inda za a rama a kan ƙaramin saboda ya kai ƙara. Sulhu tsakanin tsara biyu da suka yi faɗa daidai ne. Tsakanin mai ƙarfi da wanda yake takewa kullum kuwa, sulhun gaggawa miƙa yaro ne ga wanda ya cuce shi. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta haramta azabtar da yaro da wulaƙanta shi, kuma ba ta keɓe harabar makaranta ba. Rauni a jiki magana ce ta asibiti da hukuma, ba ta rufa-rufa ba.

Wasu ƙasashe sun sha wannan ɗaci kafin mu. A Norway, bayan wasu yara maza uku sun kashe kansu a 1982 sakamakon cin zalin da ake yi musu, gwamnati ta ƙaddamar da gangami na ƙasa baki ɗaya a 1983, kuma tsarin da masani Dan Olweus ya gwada a makarantun birnin Bergen ya rage matsalar da kusan rabi. A Finland, tsarin KiVa na Jami'ar Turku, wanda aka baza a makarantun ƙasar daga 2009, ya karkata ne ga 'yan kallo. Dalili kuwa, azzalumin yaro don idon jama'a yake yi. Dariyar 'yan aji ita ce ladansa. Wani bincike da aka yi a filayen wasan makarantu a Kanada ya gano cewa idan wani yaro ya sa baki, fiye da rabin lokuta cin zalin yakan tsaya cikin daƙiƙa goma. A bidiyon Abuja, ba mai marin kaɗai ya kamata mu kalla ba. Akwai wanda ya riƙe waya yana ɗauka, akwai waɗanda suka yi tsaye.

A nan ne ayyukan ɗalibai suke da amfanin da ba a ba su. Makarantu da yawa sun bar ƙungiyar muhawara da ta kacici-kacici da ta wasan kwaikwayo da sikawut sun mutu, gasar wasanni tsakanin gidaje ta zama ta yini ɗaya a shekara, saboda kowa jarrabawa yake hange. Alhali yaron da ba shi da aboki shi ake fara farauta. Wanda yake da ƙungiya, yake da manyan da suka san sunansa saboda tare suke atisayen ƙwallo ko haddar muhawara, ba a cika taɓa shi ba. Babban ɗalibin da ke neman a san da shi kuma, idan aka ba shi horar da ƙanana wasan kwaikwayo ko koya musu lissafi da yamma, ya sami girman da yake nema ba tare da bel ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗalibai Kirista su ma su fito fili su kira abin da sunansa. Zalunci ne, kuma babu addinin da ya yi masa rangwame don mai yinsa ɗan aji shida ne.

Iyaye, yaronku ba zai faɗa muku ba. An riga an gargaɗe shi, kuma yana jin kunya. Jikinsa da halinsa ne za su faɗa. Yaron da yake son makaranta ya koma ciwon ciki kowace safiyar Litinin. Kuɗin tara ba ya isarsa, ko ya fara ɗauka a jakar mahaifiyarsa. Riga ta yage, littafi ya ɓace, ba bayani. Ya dawo hutu ya rame, yana firgita cikin barci, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ya daɗe da bari. Ya fara dukan ƙannensa irin dukan da ba a gida ya koya ba. Ran da ya daure ya buɗe baki, don Allah kada a ce masa "kai ma ka rama" ko "namiji ba ya kuka". Da zai iya ramawa da bai kawo ƙara ba, kuma idan aka kore shi da wannan magana sau ɗaya, ba zai sake dawowa ba, ko da abin ya wuce duka ya kai ga taɓa mutuncinsa. Wannan ma yana faruwa a ɗakunan kwana, na maza da na mata, a ƙarƙashin sunan uban ɗaki da uwar ɗaki, kuma shirunmu ne yake rufa masa asiri.

Na 'yan mata sau da yawa ba ya barin shaida a fata. Ware yarinya ake yi, a hana kowa yi mata magana, a sa mata suna saboda launin fatarta ko ƙibarta ko talaucin gidansu ko karin harshen garinsu, a ƙulla mata sharri. Yanzu kuma waya ta shigo, hoton da aka ɗauka a aji da rana, kafin magariba ya zaga rukunin WhatsApp. A yankin da da ma ƙiris ake jira a cire yarinya daga makaranta, wannan kaɗai ya isa ya kawo ƙarshen karatunta.

Wanda kuma aka kira aka ce ɗansa ne mai dukan, kada ya tafi makaranta da faɗa yana cewa an san ko shi wane ne. Waɗanda aka kama a Bichi su ma 'ya'yan wasu ne, su ma da akwati da garin kwaki aka kai su makaranta. Uban da ya tare wa ɗansa a kan mari, wata rana a ofishin 'yan sanda zai je ganinsa.

Kada a jira taron iyaye da malamai na ƙarshen shekara. A ranar ziyara mai zuwa, ko gobe da safe ga mai ɗa a makarantar je-ka-ka-dawo, kowane uba da kowace uwa su shiga ofishin firinsifal su tambaya: shin ɗalibi yana da ikon dukan ɗalibi a makarantar nan? Wane malami ne yake kwana kusa da 'yan aji ɗaya? Idan yarona yana da ƙara, wa zai kai wa ba tare da an san shi ya faɗa ba? Idan aka yi ta kame-kame, a nemi sauran iyaye, a dawo tare, a rubuta wa ofishin ilimi na shiyya. Sannan a ja yaron gefe, nesa da idon manyan ɗalibai, a ɗaga rigarsa a duba bayansa.