Ba a Yi wa Allah Kishiya: Kishin Ubangiji a Wurin Kiristocin Arewa

A cikin kalmomin Hausa kaɗan ne masu fuska biyu irin ta kalmar kishi, domin kuwa idan aka ce mace mai kishi ce, sai mai sauraro ya tuna da tsakar gidan da habaici ba ya ƙarewa a cikinsa, alhali idan aka ce wane yana da kishin ƙasarsa, ko kishin zuciya, to, an yi masa yabon da ba kowa ke samu ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan wanda ya fara jin Kirista suna siffanta Allah da kishi ya yi turus, ya ce a ransa: ashe Mahaliccin sammai da ƙassai, wanda bai rasa kome ba, shi ma yana kishi? Da wa, kuma a kan me?

Asalin mas'alar yana cikin Attaura, a Littafin Fitowa, inda a sura ta 20, cikin dokoki goma da aka ba Annabi Musa, Ubangiji ya hana bautar gumaka sa'an nan ya kafa hujjar hanin da kishinsa, har a sura ta 34 aka mai da wannan siffa ta zama tamkar suna gare shi. Masana lugga sun tabbatar cewa kalmar da aka yi amfani da ita a Ibrananci, haka ma takwararta a Helenanci, tana ɗauke da ma'anonin nan biyu, wato kishin miji da kuma himma mai zafi, ta yadda Bahaushe, wanda ya sami cikakken Littafi Mai Tsarki da harshensa tun 1932, bai bukaci dogon sharhi ba kafin ya gane inda aka dosa. Abin da malaman ikilisiya ke nanatawa shi ne bambancin kishi da hassada: mai hassada yana ƙyashin abin da yake hannun wani, amma mai kishi na gaskiya yana tsaron abin da alkawari ya mallaka masa, kuma ba ya kishin abin da ba ya ƙauna. Shi ya sa Annabi Yusha'u ya misalta Isra'ila da matar da ta bar ɗakinta, mijin kuwa ya bi sawunta ya komo da ita; shi ya sa kuma Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta biyu zuwa ga mutanen Korinti, ya ɗauki kansa kamar waliyyin da ya ba da budurwa ga miji guda, yana fargabar kada wani ya hure mata kunne kafin ranar biki.

Wannan magana, wadda a wani wuri za ta iya tsayawa a kan mumbarin wa'azi, a ƙasar Arewa ta jihar Dosso a Nijar tana shiga har cikin ɗaki. Duk wanda ya san Dogondutsi da Matankari, da garuruwan da aka yanke aka yi gundumar Tibiri da su a 2011, irin su Geceme da Dumega da Kore Mairuwa, ya san cewa ƙasa ce da addinin Azna ya yi saiwa a cikinta tun kaka da kakanni. A nan Lugu take, garin Sarauniyar da ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan a 1899, garin da ake zuwa neman hukunci a wurin dutsen Tunguma. A nan kuma bori ya shahara, da gogensa da kiɗan ƙwarya. Iskokin bori kuwa, duk da zafin ransu idan an manta da haƙƙinsu, ba su ƙin tarayya: mutum guda yana iya zama dokin iskoki da dama, ya yanka wa kowanne dabbar da yake so mai launin da yake so, ba wanda zai ce sai shi kaɗai. A cikin irin wannan duniya, wadda hikimarta ita ce kada ka ɓata da kowane mai iko, 'yan mishan suka iso, ƙungiyar mishan ta SIM ta fara zama a Damagaram a 1924 ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, Katolika kuma suka kafa mishan a Dogondutsi a shekarun 1940, suna shelar Ubangijin da ba ya karɓar rabin zuciya.

Mai karatu ya kwatanta wani dare na damina a ɗaya daga cikin ƙauyukan wannan ƙasa ta Arewa. Yaro ɗan shekara uku yana kwance jikinsa kamar garwashi, ruwa ya yanke hanyar zuwa likita, uwarsa kuwa, wadda aka yi wa baftisma bara waccan, tana zaune tana shafa masa jiƙaƙƙen tsumma. Sai ga tsohuwa, uwar mijinta, ta shigo da laya ɗaure da jan zare, ta ce, “'Yar nan, ɗaura masa wannan, gobe kuma a nemo baƙar kaza, ai ba hana ki addu'arki na yi ba, ki haɗa duka biyun.” Matar ta sunkuyar da kai, ta ce, “Inna, ki gafarce ni, wallahi na san don ƙaunarsa kika kawo, amma na riga na ba da shi ga wanda ba a haɗa shi da kowa.” Ba gardamar malamai aka yi a ɗakin nan ba, ba kuma wanda ya buɗe littafi, amma duk abin da ake nufi da biyayya da zuciya ɗaya ya taru a cikin waɗannan kalmomi, domin jarrabawar ba ta zo da siffar maƙiyi ba, bal ta zo ne a hannun mai ƙauna, da shawarar da ke kama da hankali.

Irin wannan ne Kirista ke tunawa idan suka karanta ƙissar Annabi Iliya a kan Dutsen Karmel, a Littafin Sarakuna na farko sura ta 18, inda laifin jama'a bai zama sun bar Ubangiji ɗungum ba, sai dai sun riƙe shi da hannu ɗaya, suka riƙe Ba'al, gunkin ruwan sama, da ɗayan, kamar manomin da ke tsoron fari. Musulmin da ya karanta tauhidi ba zai ga baƙon abu a nan ba, gama shi ma ya san ihlasi, ya san shirka ce zunubin da ya fi kowane girma, kuma wa'azin da ya yi ƙarfi a Arewa tun bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ya yi ta juyawa ne a kan layu da yanke-yanke da zuwa wurin boka. Inda koyarwar Kirista ta ɗauki nata launi shi ne yadda take jingina al'amarin ga aure, tana kiran ikilisiya amaryar Almasihu, har rabuwar zuciya ta zama cin amanar ƙauna kafin ta zama karya doka.

Sai dai wuta, kome amfaninta a murhu, idan ta kama danni gari take ci, kuma Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye wannan haɗari ba. Bulus ya shaida da bakinsa cewa kishin al'adun kakanninsa ne ya sa ya tsananta wa ikilisiya kafin tubansa, Linjilar Luka kuma, a sura ta 9, ta ba da labarin almajirai biyu da suka nemi a saukar da wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, Yesu ya tsawata musu. Darasin da ake cirowa shi ne, kishin Allah haƙƙinsa ne shi kaɗai, abin da ya rataya a wuyan bawa kuwa shi ne ya tsare zuciyarsa, ba ya zama ɗan doka a kan zuciyar maƙwabcinsa ba. Mutanen Nijar sun ga ɗacin kishin da ya ɓace hanya a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. Sun kuma ga Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu, da shugabannin ikilisiya da suka yi kira ga yafiya tun toka ba ta huce ba.

A Arewa, inda ba wuya a sami liman da mai bishara da 'yar bori cikin zuri'a guda, suna haɗuwa wurin suna da wurin gaisuwar mutuwa, ma'aunin Kirista mai kishin Ubangijinsa ba yawan abin da ya la'anta ba ne. Matar nan da ta mai da layar, da gari ya waye ita ce za ta dama fura ta kai wa surukarta, ta durƙusa ta gaishe ta kamar kullum, sa'an nan ta goya yaron su kama hanyar likita tare. Kuma da a ce ta ƙi layar ta haɗa da ƙin tsohuwar, da ba ta fahimci wanda take yi wa biyayya ba.