Daga jujutsu zuwa judo: Horon da Jigoro Kano ya samu kafin ya kafa sabon wasa

Matasan Pantami da ke Gombe, kamar takwarorinsu na sauran garuruwan Arewa, sun san ƙa'idar kokawa: wanda aka kai ƙasa shi ya sha kaye. A kan irin wannan ƙa'ida aka gina judo, wasan da ya samo asali daga jujutsu, tsohuwar dabarar faɗa ta mayaƙan Japan.

Wanda ya kafa judo shi ne Jigoro Kano, ɗan Japan da aka haifa a 1860, kuma sunansa ba shi da alaƙa da birnin Kano. Ya taso siriri, abokan karatu suna cin zalinsa, lamarin da ya sa ya shiga neman malamin jujutsu.

A 1877, yana ɗalibi a Tokyo, ya fara ɗaukar horo a wurin Fukuda Hachinosuke, wanda makarantarsa ta yi fice wajen riƙo, shaƙewa da danne abokin karawa. Bayan rasuwar Fukuda a 1879, ya koma hannun Iso Masatomo. Da shi ma ya rasu a 1881, sai ya koma wurin Iikubo Tsunetoshi na makarantar Kito, wadda ta shahara da dabarun kayarwa.

Daga waɗannan malamai uku Kano ya fahimci cewa ƙarami na iya kayar da ƙato, muddin ya fara gusar da shi daga tsayuwarsa. Ya kuma lura cewa dabarun da ke karya ƙashi ko halaka mutum ba sa atisayuwa da cikakken ƙarfi. Saboda haka ya cire su daga karawa, ya bar waɗanda ɗalibai za su gwada a kan juna kullum, su tashi lafiya. Shi ya sa har gobe sabon ɗalibi yake fara koyon yadda zai faɗi ba tare da ya ji ciwo ba, kafin a koya masa kayar da wani.

A 1882 ya buɗe makarantarsa, Kodokan, a wani wurin ibada da ke Tokyo. Ya rasu a 1938, shekara 26 kafin judo ta shiga gasar Olamfik ta Tokyo a 1964.